Sanda a Hagu, Maɓallai a Ƙafa

Kwanan baya wasu samari biyu suka shigo rumfata a unguwar Didaouré, nan Sokodé, ɗayansu ya turo mini waya har bakin hanci. Wai in kalli wani Bature yana haɗa tablon gem a kan teburin cin abincinsa. Ya zaro kaya daga leda, ya cusa wannan nan, ya cusa wancan can, kafin ka ce kwabo ya gama, har da murmushi.

"Baba Tijjani," in ji mai wayar, "ashe aikin da kuke ta yi mana kuri da shi bai fi haɗa kujerar roba wuya ba."

Abokinsa ya kwashe da dariya. Na ce su zauna in ba su labari, suka ce suna sauri. Samarin yanzu kullum suna sauri, ban taɓa ganin inda suka isa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, ko wani cikinsu zai karanta ranar da cajin wayarsa ya ƙare.

Ga wanda bai sani ba, tablo shi ne katakon da ke gaban akwatin gem, inda sandar juyawa da maɓallai suke, gefe biyu, na mutum biyu masu karawa da juna. Abin da ke cikin akwatin, tele, wato talabijin, da injin wasan, saye ake yi. Tablo kuwa da hannu ake yinsa, kuma shi ne abin da na yi tun ina saurayi har gemuna ya yi fari.

Aikina na farko wani mataccen akwati ne da wani Alhaji ya ɗoro a saman motar albasa daga Lome. Lokacin ina koyon gyaran rediyo wajen Baba Musa, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ƙarancin magana da yawan harara. Ya buɗe akwatin, kyankyasai suka watse, ya ce in ciro maɓallan duka in wanke su in shanya. Da na gama sai ya ce in raba masu rai da matattu. Na ce ai duk suna dannuwa. Ya harare ni. Ashe a ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan makunni, muna ce masa kwantak, shi ne ke aikin, robar da ke sama ado ce kawai. Wani kwantak ɗin sai ya amsa sau tara ya ƙi a na goma, kuma a wannan na goman ne za a kayar da mutum a wasa, ya juyo ya zagi wanda ya haɗa akwatin har iyayensa. Baba Musa ya sa na zauna da mita ina danna kowanne har yatsana ya yi kanta. Ƙarfen dalma ma a garwashi muke ɗumama shi, don wutar lantarki a lokacin baƙuwa ce, ta zo ta gaisa ta wuce.

A wajensa na koyi cewa maɓalli iri-iri ne. Akwai mai kwarmi, wanda yatsa ke zama a cikinsa, ya dace da wasan ƙwallo. Akwai mai tudu, wanda yatsa ke sulɓewa daga wannan zuwa wancan, shi masu wasan faɗa ke so. Amma kafin ka zaɓa sai ka san hannun da zai taɓa shi. Mutanenmu na Sokodé ba sa zuwa gem da hannu busasshe. Wannan ya ci cincinga, wato tsire, wancan ya ci soyayyen wagashi, wato cukun nono, mai da yaji duk a yatsunsu. Maɓalli mai matsattsen baki ya sha wannan man na ɗan lokaci, sai ya maƙale a ƙasa ya ƙi tasowa. Baturen cikin waya bai faɗa muku wannan ba, don shi da cokali yake ci.

Na tuna wani tablo da na yi wa wani mai shago a garin Pagala. Na sa masa sanda mai laushi, irin wadda 'yan gari ke yabo, ka taɓa ta da yatsa biyu ta je inda kake so. Ba a daɗe ba ya dawo da ita a leda, a karye. Abokan cinikinsa manoma ne, hannunsu ya saba da fartanya, in wasa ya yi zafi sai su ja sandar kamar suna tuge rogo. Na canza mata sifirin da na birkin babur, na ƙara ƙarfe a gindinta. Mutumin Sokodé ya taɓa wannan sandar zai ce ta yi tauri ba ta da daɗi. A Pagala kuwa har shagon ya rufe ba ta sake karyewa ba.

Waya ita ce inda sababbi ke faɗawa. Suna ganin wayar tarho mai launi-launi, ga kyau ga araha, sai su kwasa. Zare ɗaya ne a cikinta, ana ta dukan tablo sai ya tsinke a cikin robar, daga waje kana ganinta lafiya lau, ka yini kana neman ciwon ba ka gani ba. Ni gareji nake zuwa in yanko wayar matattun motoci, mai zare da yawa, wadda ta saba da girgiza. Kowane kwantak ƙafa biyu gare shi, ɗaya tana da wayarta ita kaɗai zuwa injin, ɗayar kuma duk tarayya suke a waya guda da ke bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, ita muke kira mas. Baba Musa ba ya yarda a ja waya ta miƙe tsam. Sai ka bar mata sarari kamar tsawon yatsa, don za a riƙa ɗaga tablon ana rufewa. In ya ga ka ja ta, ba ya magana, filaya yake sawa ya datse ta a gabanka ya miƙo maka sabuwa.

Duk wannan share fage ne. Tablon da nake so in ba ku labarinsa na Awudu ne.

Awudu ɗan mahauta ne, nan bayan rumfarmu gidansu yake, na girme shi da kaɗan. Ubansa ya yi ya yi ya riƙe wuƙa, ya ƙi. Amma ka tsayar da shi gaban wasan faɗa, sai ka rantse an haife shi da sanda a hannu. Tun da na buɗe tawa rumfar, ban taɓa fitar da tablo ba sai Awudu ya gwada shi. Zai yi wasa kaɗan ya tsaya, ya ce, "Yaya, wannan na ƙarshen ka matso da shi kamar faɗin gyaɗa ɗaya." In yi ta faɗa, in ce katakon ya riga ya hudu, daga baya in sake sabon katako, kuma in ga gaskiyarsa. Daga baya ya koma Dapaong, can arewa, ya auri wata 'yar ƙabilar Moba mai suna Asibi, ya kama ɗaki kusa da kasuwa ya buɗe ɗakin gem. Ni na yi masa akwatunansa.

Ɗakin Awudu daban yake da na kowa. Mutane ba gem suke zuwa yi ba, Awudu suke zuwa kayarwa. Ranar kasuwa har daga garin Korbongou samari ke tahowa, wanda ya sayar da zabinsa sai ya biyo ya gwada sa'a. A tsaya a gefe na biyu, jama'a su yi da'ira, Awudu ya lallasa mutum yana yi masa ba'a, a yi ta ihu. Wanda ya taɓa cin sa ko sau ɗaya, sai ya shekara yana ba da labari a wajen mai shayi.

Sai shekarar da kasuwarmu ta mutu ta zo. Ba lokaci ɗaya ta mutu ba, a hankali ta yi ta tsiyaya. Wayoyi masu wasa a ciki suka yi araha, kowane yaro ya samu ɗakin gem a aljihunsa. Masu ɗakuna suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya dawo mini da akwatin da na yi wata ina yi, ya ce in mayar masa da shi kabad na ajiye kwanuka, na kuwa mayar. Na koma gyaran fanka da tocila. Abokan sana'ata wasu sun tafi Gana, wani ya koma sayar da katifa. Ɗakin Awudu ya fi na kowa jurewa, don waya ba za ta ba ka Awudu ba, amma shi ma sai ranar kasuwa yake cika. Sauran ranaku da safe sai ya ɗauki babur yana zem, wato acaɓa, don a samu na cefane.

A cikin damina Asibi ta kira ni. Hausarta irin ta wanda ya koya da girma ce, amma ranar ban rasa ko kalma ɗaya ba.

"Yaya Tijjani, ƙaninka moto ya faɗi da shi a hanyan Korbongou. Ya dawo daga lopital, wajen likita, tun tuni, amma hannun dama ya mutu, ba ya ɗagawa. Ba ya fita ɗaki. Abinci ma in mutum na gani ba ya ci, wai kunya ne ya ci da hagu. Mai ɗakin gem ya ce in ba a buɗe ba har a yi girbi, masara zai zuba a ciki. Ka zo, ni maganana ba ya ji."

Na rufe rumfa na hau mota. Na same shi zaune a kan tabarma, ya rame, ya sa babbar riga ya ɓoye hannun a ciki. Na miƙa masa hannu don mu gaisa, ban yi tunani ba, sabo ne. Sai ya sa hagunsa ya ɗago na daman kamar wanda ya ɗago tsokar nama daga teburin ubansa, ya ɗora a tafina. Hannun da sanyi, ba nauyin komai. Wallahi sai da na kau da kai.

"Yaya, in dubiya ce, ga ni, ka gani," in ji shi.

"Ba dubiya na zo ba, aiki na zo aunawa."

"Wane aiki kuma? Aiki ya tafi da hannun."

"Sanda a wane hannu kake riƙe ta?"

"Hagu mana, kamar kowa."

"To hagun me ya same shi?"

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Maɓalli shida ne, Yaya. Da hanci zan danna su?"

Na ce ya miƙo ƙafafunsa in gani. Ya kalle ni kamar na zare, amma ya miƙo. Lafiyarsu lau, sai tabon kwalta a gwiwa. Na ce ya ajiye diddige a ƙasa ya ɗaga yatsu, sannan ya ajiye yatsu ya ɗaga diddige. Ya yi. Na ce da ɗayar ma. Ya yi yana tsaki. Na auna tafin ƙafarsa da igiya, na auna hagunsa, na kama hanyar Sokodé ban ce masa komai ba, don in na yi alkawari na kasa, na ƙara masa wani ciwon.

Tun a mota na raba maɓallan a kaina. Biyu su hau kan sandar, ɗaya ƙarƙashin babban yatsa, ɗaya ƙarƙashin manuni. Huɗu su sauka ƙasa, kowace ƙafa biyu, gaba da baya, yadda tela ke taka keken ɗinki. Faɗa da baki ke nan. Yin kuwa sai da ya kusa haukata ni.

Na fara da sanda. Sandar gem ƙarfe ce cikakkiya, babu inda waya za ta bi. Na yanko bututun famfon keke, na ɗaure shi a madadinta, na zura wayoyi ta ciki. Sai na tarar sandar tana juyawa a kan kanta yayin wasa, wayoyin suna murɗewa su tsinke. Na huda gindinta na sa ƙusa a tsaye cikin wata 'yar tsaga, ta yadda za ta karkata ko'ina amma ba za ta juya ba. Maɓallin gem ya yi girma a kan sanda, na gwada na rediyo, ya yi laushi, ko riƙe sandar ka yi da ƙarfi sai ya danna kansa. A ƙarshe maɓallin hon na babur ne ya zauna daidai, ƙarami, mai tauri, an yi shi don babban yatsa. Na yi ta juya shi a hannuna ina tunanin ko ya dace in kai wa Awudu kayan babur. Na ga ba ni da wani, na sa.

Matakan ƙafa na fara da na keken ɗinki na gaske, wani tela a unguwarmu ya ba ni na tsohon kekensa. Ya yi nauyi, kafin ya sauka an riga an buge ka. Ga shi ƙarfe ne, Awudu kuwa ba takalmi zai taka ba, kuma tsohuwar tele takan yi yoyon wuta, ba na so ƙafar mutum a kan siminti mai danshi ta zama hanyarta. Na koma katakon maɗaci, na sassaƙa biyu daidai tafinsa, na ɗora kowanne a kan ƙarfen tsakiya yana lilo, na sa robar tayar mota a ƙasa don ya dawo daidai da kansa. Kwantak na ƙasa na sa masu tauri, don ƙafa ba ta san sannu ba. Wayoyin na zura su cikin tiyo saboda ɓeraye. Gefe na biyu kuwa na yi shi yadda aka saba, sanda da maɓallai shida, sababbi fil, mafi kyau da suka rage mini. Ban so wani ya ce an rage masa komai ba.

Da na kai kayan Dapaong muka rufe ɗakin gem daga ciki, ni da shi. Ya zauna a kujera, ya ɗora ƙafafu, ya kama sandar. Babban yatsansa ya sauka kan maɓallin, ya tsaya, ya sunkuya ya duba.

"Hon ne wannan, Yaya."

"Hon ne."

"To, aƙalla wannan karon in na danna wani zai kauce."

Wannan ce ba'ar farko da ya yi tun da na gan shi. Ranar inji ya yi masa dukan tsiya. Ƙafa ta danna abin da hannu bai nema ba, yana so ya kai naushi sai mutuminsa ya yi tsalle. Ya yi zagi, ya ture kujera, ya dawo ya zauna. Ya ce matakin hagu ya yi nisa da faɗin yatsa, na matso da shi. Na koma gida na bar shi da abinsa. Asibi ce ke ba ni labari ta waya. Ya fara fita da sassafe ta ƙofar baya ya shige ɗakin gem ya rufe. Ƙafafunsa sun kumbura ta gasa masa. Ya fara cin inji. Ya ci tuwo a gabanta da hagu bai ce ta fita ba. Wata rana ta ce, "Yaya, yau ya ce in wanke masa farin riga, zai buɗe ranan kasuwa."

Na zo don buɗewar. Ɗaki ya cika har waje, mai ɗakin ma ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Awudu ya fito da farar rigarsa, ya zauna, ya ce wa ke ji da kansa. Wani ya shiga, Awudu ya kayar da shi, aka yi ihu. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ana ta tafi, ana cewa Awudu ya dawo, ko da hannu ɗaya ya fi ƙarfin gari. Ni ban iya gem ba, haɗawa na iya, don haka daɗi ya cika ni, har ina nuna wa mutane matakan ina bayani. Sai na lura Awudu ya daina ba'a. Sai ga Nasiru ya shiga, wani saurayi mai gyaran taya da ya taso a ɗakin, wanda kowa ya san shi ne kaɗai ke ba Awudu wuya tun yana da hannu biyu. Shi ma ya faɗi, kuma bai daɗe ba.

Awudu ya yafito ni. "Yaya, gefe na biyu na da matsala. Buɗe ka duba."

Na ɗaga tablon a gaban kowa, na bi kowace waya da mita, na danna kowane maɓalli. Duk suna amsawa. Na ce masa lafiya lau suke.

"Na sani," in ji shi a hankali. "So nake in ji daga bakinka."

Na ja Nasiru waje bayan ɗakin na tsare shi. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya sunkuyar da kai.

"Baba, mun yi magana ne a wajen mai shayi, mu duka. Muka ce ba wanda zai ci shi. Ta yaya zan doki mai hannu ɗaya a gaban jama'a? Mutumin da ya koya mini? Ko uwata ta ji sai ta ce ban da tarbiyya."

Na ce masa, "Ɗana, mutumin nan ya kumbura ƙafafunsa don ya kara da ku, ba don ku yi masa sadaka ba. Ya gane. In kana ƙaunarsa, koma ka yi da gaske. In ka ci shi ka ci shi."

Ya ce to.

Ya koma ya tsaya, ya ce a sake. Wannan karon ko ni da ban iya ba na ga bambanci. Katakon yana ƙara, ƙafafun Awudu suna aiki kamar na tela ana gobe salla, gumi ya jiƙa farar rigar. Nasiru ya ci zagayen farko da ƙyar. Awudu ya ci na biyu, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, taya ka iya, koma wajen taya." Fuskarsa ta dawo irin ta da. Na uku suka yi kankankan, ran mutumin kowannensu a tele ya kusa ƙarewa, Nasiru ya matse shi a lungu. Sai wani dattijo mai sayar da goro daga baya ya ce, "Haba Nasiru." Wani ya karɓa, "Haba, ka ji tsoron Allah mana." Wata mai ƙosai a bakin taga ta ce ba shi da kunya. Cikin ɗan lokaci ɗakin duka ya koma haba, haba. Na ga Nasiru ya waiga, ya kalli mutane, sai ya ɗauke hannayensa daga tablon ya haɗa su a baya.

Awudu ya gani. Shi ma ya saki sandar, ya sauke ƙafafunsa ƙasa. Mutanen nan biyu na cikin tele suka tsaya suna kallon juna, suna ɗan rausaya, har lokaci ya ƙare. Awudu ya tashi, ya tattara hannun daman ya cusa cikin riga, ya ratsa jama'a ya fita.

Ba mugun mutum ko ɗaya a ɗakin nan ranar, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Da mugunta ce da na san wanda zan zaga. Awudu ya sake buɗewa kasuwa ta gaba, saboda Asibi ta roƙe shi, amma wa zai bar aikinsa ya zo don ya faɗi da gangan, kuma wa zai tsaya kallon haka? Wanda ya so ya yi da gaske yana tsoron bakin mutane. Nasiru kunya ta hana shi ko bi ta layin. A hankali aka daina zuwa. Har yau ban san ko Awudu zai fita daga lungun nan ba da an bar su, shi ma bai sani ba, kuma babu mai iya faɗa mana.

Da aka yi girbi mai ɗakin ya aiko, cikin mutunci, har da ba da haƙuri. Na zo na taya su kwashe kaya. Sauran akwatunan aka sayar da telen ciki, katakon ya zama itacen girki. Nasa kaɗai muka ɗora a kura muka kai zauren gidansa. Na haɗa wuta, na gwada matakan, na fara tattara kayan aikina.

"Yaya, kada ka rufe jakar tukuna," in ji shi. "Cire mini gefe na biyu."

Na ce ai ba ya tsare masa komai, in ba kowa a wajen inji ne zai riƙa karawa da shi.

"Shi nake so. Shi kaɗai ne a garin nan ba ya jin tausayina. Cire, kuma ka toshe ramukan, kada wani baƙo ya gani ya ce bari ya taya ni."

Na kwance sandar, na ciro maɓallan ɗaya bayan ɗaya, sababbi, ko dushewa ba su yi ba. Na zauna a ƙofar zaure ina sassaƙa 'yan katakai daidai bakin kowane rami. Asibi ta zo ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya, ka bar na sandan ko shi ɗaya. Wata rana yaronmu zai girma, zai so ya yi da babanshi."

Daga ciki Awudu ya ce, "Shi ma ɗagawa zai yi mini. Toshe duka."

Na toshe duka. Na sa gam, na buga su, na goge da sanfefa har tafin hannu ya daina gane inda ramukan suke. Ya shafa wajen da hagunsa, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ja kujerarsa zuwa tsakiya, ya ɗora ƙafafu a kan matakan, ya ce in zan fita in kunna masa.